Silon Babur ɗin Baba

Ni mutum ne mai kunne. In ƙarar fanka ta canja ina ji, in famfo yana ɗiga a bayan gida hankalina ba ya kwanciya, kuma mutanen gidanmu sun daɗe da sanin cewa duk abin da ya fara baƙuwar ƙara sai na kwance shi, ko na iya mayarwa ko ban iya ba. Shi ya sa ni na fara lura cewa muryar babur ɗin Baba ta canja, a daminar da rufin zaurenmu na unguwar Gangaren Tudu a Keffi ya soma yoyo.

Tsohon babur ne, ja, irin wanda ba shi da maɓallin tayarwa, sai an buga masa kik da ƙafa. Baba ya saye shi tun ina sakandare. Da shi yake zuwa rumfarsa ta hatsi a kasuwa, da shi yake zuwa Gitata gaida ƙanwarsa, da shi yake kai kansa duk inda aka yi haihuwa ko rasuwa. A lokacin ya haura saba'in. Ni da ƙannena mun sha yi masa maganar ya ajiye hawa, sai ya nuna mana wata tabarma da ke naɗe a kusurwar zaure. A kanta yayansa ya yi shekarunsa na ƙarshe, bayan 'ya'yansa sun karɓe masa keke. Baba ya ce shi ya ga yadda mutum ke ƙarewa a wurin nan, yana jiran wani ya leƙo ya ba shi labarin gari, kuma ya san ranar da ya sauka daga babur, ita za a shimfiɗa masa.

A da, in ya tsaya ya saki totur, injin kan koma ƙasa-ƙasa, tif-tif-tif, har a yi hira a kansa ba tare da an ɗaga murya ba. Wannan aikin da inji ke yi shi kaɗai in an sake shi, shi masu gyara ke kira silo. To silon ne ya haukace. Ko an saki totur, injin ci gaba yake da ihu kamar ana murza shi. In Baba ya sa giya sai ka ji ƙwas, babur ya zabura gaba. Salansa ta yi ta zafi har ta sauya launi, mai kuma yana tafiya kamar tankin ya huje. Wata rana ina dawowa daga aiki a Abuja, na hango shi ta tagar motar haya a wata mahaɗar hanya kusa da kasuwa. Ya danne birki da iya ƙarfinsa, babur yana fizgarsa, saura kaɗan ya afka bayan wani keke mai ƙafa uku. Na ji tsoro ƙwarai.

Da na yi masa magana sai ya ce tsufa ne, in bar shi. Ban bari ba. Ranar Asabar na ɗauki makulli yana ciki, na tada babur, na bar shi ya yi zafi, don ba a daidaita silo inji yana sanyi. A gefen kafireta, inda mai ke gaurayuwa da iska, akwai wani ɗan sukuru mai sifirin, in ka ɗaure shi silo ya hau, in ka sassauta ya sauka. Na sa sukudireba na riƙa sassautawa kaɗan-kaɗan ina saurare, har injin ya dawo muryarsa ta da. Na shiga gida ina goge hannu da tsumma, ina jin kaina kamar wanda ya gyara jirgin sama. Matata ta ce mu dai gani, ai haka na gyara mata dutsen guga.

Kafin mako ya zagayo ihun ya dawo.

Daga nan abin ya zame mini aiki. Na ce ko wayar totur ce ke maƙalewa, don in ta yi tsatsa ko ta ɗame, ba ta barin totur ya koma wurinsa. Na kafe babur, na tada shi, na juya kansa hagu na juya dama, in ji ko ƙarar za ta canja. Ba ta canja ba. Duk da haka na zare wayar, na ɗura mata baƙin mai, na ba ta ɗan sako-sako. Na duba cok, abin da ake ja in inji ya yi sanyi, ko ya maƙale, lafiyarsa lau. Na kwance kafireta a kan farantin Inna, wato mahaifiyarmu, na wanke ta da fetur, na hure 'yan ƙofofinta, na sha faɗa a kan farantin. Duk ranar da na taɓa babur ɗin sai ya yi lumus kamar bai taɓa laifi ba, in na koma aiki kuma ya koma halinsa. Baba kuwa yana zaune a bakin zaure yana kallona ina fama, bai hana ni ba, bai kuma taɓa cewa sannu da aiki ba. Wannan ya ɗan ba ni haushi, don ba halinsa ba ne.

Da ya fi ƙarfina sai na kai shi wurin bakaniken Baba. Inyamuri ne haifaffen Keffi, Hausa a bakinsa kamar tamu, kuma a hannun mahaifinsa ya gaji garejin, ya gaji Baba ma. Ya ce watakila iska ce ke shiga ta robar da ta haɗa kafireta da inji, don in ta tsage silo hawa yake. Ya tada babur, ya riƙa ɗiga fetur a kewayen robar muna saurare tare, ko injin zai amsa. Bai amsa ba. Ya sake sifirin ɗin sukurun da sabo, ko tsohon ya gaji. Sannan ya tsaya yana sosa ƙeya.

Ya ce, "Malam, wannan mashin ba shi da komai. Kuma ni dai tun da nake, girgiza sassauta sukuru take yi. Ban taɓa ganin wanda ya ɗaure kansa ba."

Kafin in tafi na roƙi ɗan farin fenti a wurinsa, na ɗiga a kan sukurun, na ɗiga wani a jikin kafireta daidai da shi, don in ya motsa in gani.

A ƙasan unguwarmu, inda gangaren ya ƙare, akwai shagon wani tela, aminin Baba tun suna makarantar allo. Ta nan nake bi da ƙafa in na sauka daga mota. Tun ina yaro na san al'adarsu. Kullum da safe Baba zai gangaro, ya tsaya a ƙofar shagon, ya kashe babur, ya sauka, ya zauna a benci su gaisa su tambayi juna kwanan iyali, sannan ya wuce kasuwa. A wurin mutanen zamanin su Baba, ba a gaida mutum mai daraja inji yana kunne. Ko zaman makoki za ka gifta, ko sahun salla ya fito har titi, kashewa kake ka tura babur ɗinka har ka wuce. Baba ya taɓa sauke ni daga kan babur ɗin nan a gaban mutane don na yi wa wani dattijo sallama ban kashe ba.

Ran nan da yamma telan ya kira ni. Bayan na durƙusa mun gaisa, ya yi ta juya almakashi a hannu, sannan ya tambaye ni ko ya yi wa mahaifina wani laifi ne. Ya ce tun farkon damina Baba bai sake zama a bencin nan ba. Yakan tsaya, ƙafa ɗaya a ƙasa, inji yana ihu, ya ɗaga hannu ya faɗi abin da ba a ji, ya wuce. Na ce masa babur ɗin ne ke da matsala, muna kan gyara.

Ya ce, "Ɗana, ko mashin ya lalace ai makullinsa yana kashewa. Ni ba zaman nake roƙo ba. Amma in kai waɗannan shekaru a riƙa yi mini gaisuwar ɗan acaba, abin ya yi mini ciwo."

Idonsa ya ciko, ya juya ya kama zare. Na tashi na yi masa sallama. Da na isa gida na haska sukurun, na ga ɗigon fentin nan biyu sun rabu, an ɗaure shi sosai. Na mayar da shi daidai, ban gaya wa kowa ba.

Washegari na makara da gangan. Ɗakina yana da 'yar taga da ke kallon ƙofar gida, na tsaya a bayan labule. Baba ya turo babur daga zaure a kashe, kamar yadda ya jima yana yi. Mu duk mun ɗauka don kada ya tashi jikoki daga barci ne, har Inna takan yaba masa a gabanmu. Ya duba hagu ya duba dama. Ya ciro abin yankan farcen da ke rataye a makullinsa, ya dafa tanki, ya sunkuya da ƙyar ba tare da ya lanƙwasa ƙafar dama ba, ya sa bakin abin a kan sukurun ya murɗa. Da zai hau, sai na ga ya kama cinyarsa ta dama da hannu biyu, ya ɗaga ta ya tsallakar da ita sirdi kamar mai ɗora buhu. Ya ɗan jima a zaune yana numfashi. Sannan ya sa giya, ya riƙe kuloci, ya saki birki, babur ya gangara shiru. Sai da ya yi nisa ya saki kuloci, injin ya kama da ihunsa.

Ƙafar dama ita ke buga kik. Na daɗe a tsaye a bayan labulen nan, motar aiki ma ranar a makare na same ta.

Inna ba ta yi mini musu ba da na tambaye ta. Ta ce gwiwar ce, tun bara take cinsa, yanzu ta kumbura ba ta ɗaukar nauyi. Kullum ita ke gasa masa da ruwan zafi ta shafa masa man zafi, ƙofa a rufe. Tsohon inji in silonsa yana ƙasa yakan mutu in an tsaya, shi kuwa in ya mutu masa a tsakiyar titi ba zai iya tada shi ba, shi ya sa yake ɗaure sukurun. Ta ce ya haddace duk wani gangare da ke cikin garin Keffi. A kasuwa akwai ɗan tudu a bayan rumfarsa, can yake kafewa. Masallacin da yake sallar azahar ma ya sauya, ya koma wanda ƙofarsa ke kan tudu. Gitata kuwa ya daina zuwa, ƙanwarsa tana can tana cewa ya manta da ita. Inda babu gangare ba ya kashewa. Shagon telan kuma a kwari yake, duk inda ka fuskanta daga nan hawa ne.

Na ce to me zai hana ya sa wani ya buga masa, ga 'yan acaba ko'ina. Inna ta dube ni.

Ta ce, "Ranar da ya ce wani ya buga masa da safe, kafin la'asar labari ya iso kunnenku. Kai kuma ka san abin da za ku yi."

Na sani. Da mun karɓe makullin, da hujjarmu mai kyau, kuma ba wanda zai ce mun yi laifi. Daga ranar na daina taɓa sukurun. Amma raina bai kwanta ba. In na tuna mahaɗar hanyar nan da keken da ya kusa daka, sai in ce gobe zan tara ƙannena. In na shigo zaure na ga tabarmar a naɗe, sai in fasa. Na ƙi jinin ƙarar nan fiye da da, ga shi kuma kullum da yamma ita nake kasa kunne in ji, don in na ji ta na san ya dawo lafiya.

Abu ɗaya ne na ga ba ni da ikon riƙewa, wato saƙon telan. Wata rana bayan magariba muna cin tuwo ni da Baba a zaure, na faɗa masa yadda muka yi, ban rage ba ban ƙara ba, har maganar gaisuwar ɗan acaba. Ban ambaci gwiwa ba, ban ambaci sukuru ba. Baba ya tsaya da loma a hannu. Ya tambaye ni ko da bakinsa ya faɗi haka, na ce da bakinsa. Ya mayar da lomar cikin kwano, ya wanke hannu, ya shiga ciki.

Kashegari da na sauka daga mota da yamma, tun daga nesa na hango jan babur a kafe a ƙofar shagon telan. Shiru yake. Na taɓa salansa da na iso, ta yi sanyi ƙalau. Su biyu suna zaune a benci, ga kwanonin abinci da aka kawo musu daga gidan telan, keken ɗinki a rufe da ƙyalle. Daga baya telan ya ba ni labarin yadda aka yi. Ya ce da safe Baba ya gangaro da ihunsa kamar kullum, ya tsaya, sai kawai ya murɗa makulli. Ya sauko da ƙafarsa da hannu biyu a gabansa, ya ɗingiso ya zauna, suka gaisa har ƙarshe, iyali da jikoki da kowa. Sannan ya naɗe ƙafar wando ya nuna masa gwiwar. Telan ya ce ya yi masa faɗa kamar ya ari baki, ya ce masa tsohon banza mai taurin kai, sannan shi telan ya fashe da kuka, bai san dalili ba. 'Yan acaba sun yi ta wucewa yini guda, telan ya ce bari ya kira ɗaya ya buga masa, Baba ya ce a'a, ɗansa zai biyo ta nan. Rumfar hatsi ranar ba a buɗe ta ba.

Na durƙusa na gaishe su. Baba ya miƙo mini makulli, abin yankan farcen yana lilo a jiki.

Ya ce, "Buga shi. In ya yi zafi ka mayar da silon inda ka sa fentinka."

Ashe ya ga fentin tun ranar farko. Na ce, "Baba, in na sauke shi zai riƙa mutu maka a hanya."

Ya ce, "Ba ni zan riƙa tuƙa shi ba. Mutumin da ba zai iya kashe inji ya gaida mutane ba, ba shi da abin yi a kan mashin."

Na buga kik, injin ya tashi da ihu. Muka jira ya yi zafi, ba mai magana, don ko an yi ba za a ji ba. Ban zo da sukudireba ba, da abin yankan farcensa na yi aikin. Na riƙa sassautawa a hankali, ƙarar tana sauka, tana sauka, har ɗigon fenti ya zo daidai da ɗan'uwansa, injin ya koma tif-tif-tif. Sautin da na yi damina guda ina nema ke nan, kuma da na same shi ban ji daɗi ko kaɗan ba. Baƙin ciki ne ya cika ni, har na daɗe a tsugune ina yi kamar akwai sauran abin da nake dubawa.

Telan ya riƙe masa kafaɗa, ni na ɗaga ƙafar, ya hau baya. A kan babur ɗin nan ya sha kai ni makaranta ina riƙe da rigarsa, ranar kuwa hannunsa ne a kafaɗata, ba nauyi. Muka hau tudun a giya ta ɗaya. Duk wanda muka gifta ya gaishe shi, yana amsawa, kuma ana jin amsar.

Da safe na fito zan tafi aiki, na tarar ya riga ni fitowa. Da kansa ya ɗauko tabarmar, ya kakkaɓe ta, amma bai shimfiɗa ta a kusurwar da yayansa ya zauna ba. A bakin ƙofa ya shimfiɗa, inda ake ganin gangaren har ƙasa. Yana zaune ya miƙe ƙafar dama, ga butarsa ga rediyonsa, babur yana jingine a bayansa cikin zaure. Na durƙusa na gaishe shi, na kasa haɗa ido da shi. Sai na ga yana kallon ƙasa yana murmushi, na juya. Can tsakiyar tudun, telan ne ke hawowa da sanda. Ya yi 'yan taku ya tsaya ya dafa katanga yana haki, ya sake ɗagowa. Rabonsa da hawa tudun nan da ƙafa an yi shekaru.

Baba ya ce, "In ka iske shi, ka ce ya bi a hankali. Ba inda zan je."